Daga talbijin ɗin lakwal zuwa TNT: kafin hoto ya ɗauke a gidajenmu



Kwanakin nan kalmomi uku ne ke yawo a bakin mutane: TNT, numerik, dekoda. A gidan rediyo in muka buɗe layi, da wuya a gama shiri ba a samu mai tambaya ba. Wai da gaske ne tsofaffin tele za su daina aiki? Wai sai an riƙa biya kowane wata? Wai dabara ce ta ƴan kasuwa don su sayar da kaya? Amsar a gajarce ita ce, akwatinku bai mutu ba, kuma tashoshin da kuke kallo kyauta suna nan kyauta. Amma gajeriyar amsa ba ta hana a cuci mutum a kasuwa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu koma baya mu bi tarihin wannan akwati a ƙasarmu, domin wannan ba shi ne karo na farko da aka canza masa hanya ba, kuma duk lokacin da aka canza akwai gidajen da aka bari a baya.

Kafin hoto, murya ce ta fara zuwa. An buɗe Radio Niger a 1958, shekara biyu kafin samun ƴancin kai. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo da ake kira radiyo-kulob. Tsarinsu mai sauƙi ne: a ƙauye ko unguwa a samu mutum guda, galibi malamin lakwal ko ma'aikacin likita, ya tara jama'a da dare, a saurari shiri a kan noma ko lafiya ko haraji, sannan a yi mahawara, ya ɗauki muryoyin mutane a mayar Yamai a sa a iska. Mu da muke wannan aiki yau, jikokin wannan tsari ne. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta. A 1967 aka kafa ORTN, a 1974 kuma rediyon ƙasa ya ɗauki sunan da kowa ya sani, Voix du Sahel, Muryar Sahel.

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, talbijin a Nijar ba don nishaɗi ya shigo ba, kuma ba a falon masu kuɗi ya fara sauka ba. A aji ya fara. A 1964, zamanin Diori Hamani, ƙasar na fama da ƙarancin malamai, yaran da ke zuwa lakwal kuwa ƴan kaɗan ne ƙwarai. Sai aka gwada wata dabara tare da taimakon Faransa: a shirya darasi a situdiyo a Yamai, a tura shi ta iska zuwa azuzuwa, a kowane aji a ajiye akwati ɗaya da wani matashi da ake kira monitar, wanda bai yi dogon karatu ba amma aka horar da shi ya ja yara bayan an kashe akwatin. An fara da aji biyu, sannan aka kai ashirin da ƴan kai a kewayen Yamai, daga baya aka faɗaɗa. Masana harkar ilimi daga ƙasashen waje sun zo sun duba, sun yi rubutu a kai, Kodibuwa ma ta buɗe nata irin a 1971.

Akwai wani abu a nan da ya kamata mu yi alfahari da shi. Ƙauyukan da aka kai waɗannan akwatuna ba su da kuran. Da batura aka fara, su kuwa batura tsada gare su, ga saurin mutuwa. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara gwada kunna talbijin ɗin lakwal da farantin hasken rana, lokacin da mafi yawan duniya ba ta san wannan faranti ba sai a jikin tauraron ɗan Adam. Ƙasar Abdou Moumouni ce fa, malamin da ya ja ragamar ONERSOL, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Wato pano solar ɗin da yau kuke gani a kan rufin mai cajin waya a kasuwar ƙauye, kakansa ya yi aiki a ajin lakwal na ƙasar nan.

To amma shirin bai game ƙasa ba. Da Faransanci ake darasin tun daga ranar farko, ga yaron da bai taɓa jin kalma ɗaya ta Faransanci a gidansu ba. Kuɗin tafiyar da shi da yawa daga waje suke zuwa. Malaman da suka yi cikakken horo da yawansu ba su yi na'am da shi ba, suna ganin an kawo akwati ne ya ci gurbinsu. Ga kuma matsalar da har gobe ba ta bar mu ba: in akwati ya lalace a nesa da Yamai, wa zai gyara? Kafin shekarun 1970 su ƙare, talbijin ɗin lakwal ya kwanta. Kayansa da ma'aikatansa su ne suka zama harsashin Télé Sahel.

A 1979, zamanin Seyni Kountché, talbijin na ƙasa ya fara aiki sosai. Lokacin kuɗin uraniyom na Arlit na shigowa, gwamnati ta samu ƙarfin kafa dogayen ƙarafa da na'urorin tura hoto daga gari zuwa gari, a ƙasar da faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,267,000. Da farko ba kowace rana ake buɗewa ba, kuma sai da maraice. Mutum nawa ne ke da halin sayen akwati a wancan lokaci? Manyan ma'aikata da alhazan kasuwa. Saboda haka gwamnati ta raba akwatunan kallo na jama'a, a gidajen samariya da dandalin gari, wasu da farantin hasken rana. Iyayenmu na ba da labarin yadda ake shimfiɗa tabarmi tun kafin magariba, maza gefe, mata gefe, yara a gaba cikin ƙura, akwai kuma mai riƙe da makullin akwati wanda a daren nan ya fi mai gari muƙami.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Wannan akwati bakin gwamnati ne, murya ɗaya ce ke fita daga cikinsa, kuma ba a yi shi don a ji ra'ayin talaka ba. Amma ya yi wani aiki da ba a iya musantawa. Ta nan Bamaraɗe ya fara ganin Agadas da idonsa, mutumin Difa ya ga gadar Yamai. Ta nan aka riƙa jin labaru da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Barbarci, ana ganin fuskar mai karantawa. Ta nan wasan kwaikwayon su Yazi Dogo ya shiga kowane gida har maganganunsu suka zama karin magana. Kokowa kuwa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi na farko, talbijin ne ya mayar da ita abin da take yau: kwana goma da ƙasa duka ke tsayawa, tela ya ajiye keke, mai tebur ya juya wa ciniki baya. Duk wanda ke son ya gane abin da zai faru in hoto ya ɗauke wa gidaje dubbai a dare ɗaya, to ya ɗauka an yi hakan ranar karon ƙarshe na takobi.

Mu mutanen kudu muna da wani tarihi na daban da akwatin nan, wanda na Yamai ba su cika sani ba. Iyakarmu da Nijeriya ta kai wajen kilomita 1,500, kuma can talbijin ya riga namu: Ibadan tun 1959, Kaduna tun 1962. Kayanmu kuwa daga Kano da Katsina da Sakkwato suke shigowa, ta Jibiya da Illela da Maigatari. Sai dai Nijar ta bi tsarin launi na Faransa, SECAM, Nijeriya kuma ta bi PAL. Mutum ya je Kano ya sayo sabon akwati mai launi da kuɗinsa masu zafi, ya kawo gida ya kama Télé Sahel, sai ya ga hoto baƙi da fari, murya kuwa babu, sai shuuu. Akwatin lafiyarsa lau, yaren ne ba ɗaya ba. Nan masu gyaran rediyo na Maraɗi da Ƙonni da Damagaram suka samu abin yi, suna buɗe bayan akwati suna taɓa ɓangaren murya har ya ji namu. Daga baya akwatuna masu jin tsari duka biyu suka cika kasuwa, maganar ta mutu. Mun kawo wannan ne don abin da ke gabanmu yanzu ɗan uwansa ne na jini. Za a sake sayen kaya masu kyau da ba su jin yaren da ake yi a iskar ƙasarmu.

Mu da aka haifa cikin shekarun 1980, abin da muka tashi muka tarar shi ne tasha ɗaya da dogon anteni a kan gora ko bututun ƙarfe. Kowane gida na da yaron da aikinsa juya anteni ne. Yana waje yana murɗawa, na ciki na ihu: ƙara kaɗan, ya yi, a'a koma baya! Hoto ya zo da yayyafi kamar ana watsa gero, mutum ɗaya ya zama biyu, amma ana gane wa ke magana, kuma an ƙoshi da hakan.

Taron ƙasa na 1991, wanda aka buɗe ranar 29 ga Yuli aka rufe 3 ga Nuwamba, shi ya buɗe ƙofar da ta daɗe a kulle. Daga nan aka kafa hukumar CSC don ta kula da kafofin watsa labaru. Rediyo masu zaman kansu suka fara a tsakiyar shekarun 1990, su R&M da Anfani. Talbijin ya ɗan jinkirta saboda tsada: Ténéré ta buɗe nata a 2000, ORTN ta ƙara Tal TV a 2001, sannan Dounia da Canal 3 da Bonferey da Saraounia da sauransu suka biyo. Sai dai a nan akwai rashin adalcin da ba a cika faɗa ba. Kowace tasha ita ke sayen na'urarta ta tura hoto, ita ke kafa ƙarfenta, ita ke biyan kuran da man janareto. Wa zai kai wannan kashe kuɗi Dakwaro ko Tanut ko Gure, inda babu masu ba da talla? Don haka na Yamai ke da tashoshi barkatai, na manyan garuruwa ke da ƴan kaɗan, na ƙauye kuwa yana nan da Télé Sahel ɗinsa in ma yana samu.

Jama'a ba su zauna jira ba. Gidajen bidiyo suka cika unguwanni, da fim ɗin Indiya da na karate, sannan finafinan Hausa na Kano suka zo suka share fage, daga kaset zuwa faifan CD. Bayan nan parabol ya yi araha. Yau ka hau soro a Zariya ta Maraɗi ko Birni a Damagaram ka duba rufin gidaje, faranti ne ko'ina, wani ma ƙirar maƙeran gari. Arewa24 da ta buɗe a 2014 ta shiga gidajenmu ta wannan hanya, ga tashoshin wa'azi, ga na ƙwallo ga mai iya biyan Canal+. Ba mu ce laifi ne ba, mu ma muna kallo. Amma mu faɗi gaskiya: akwai gidajen da yaransu sun san duk ƴan wasan Daɗin Kowa, sun san labarun Kano da na Makka, ba su san ranar da za a fara rigakafin shan-inna a unguwarsu ba. Faranti na kawo duniya duka, amma sanarwar mairi ba ta bi ta tauraron ɗan Adam.

To daga ina maganar TNT ta fito? Ba a Yamai aka ƙirƙiro ta ba. A watan Yuni na 2006 aka yi taro a birnin Jeneva na ƙasar Suwis, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, UIT. Ƙasashe sama da 100 na Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka sa hannu cewa za su bar tsohon tsari, analojik, su koma numerik. Aka sa wa'adin 17 ga Yuni 2015. Wasu ƙasashe, galibinsu na Afirka, aka ƙara musu zuwa 17 ga Yuni 2020 a zangon da ake kira VHF. Mutane da yawa sun ɗauka ranar wa'adi wani zai danna maɓalli a Turai hoto ya ɗauke. Ba haka ba ne. Abin da yarjejeniyar ta ce shi ne, bayan wa'adi duk mai aiki da tsohon tsari ba shi da kariya. In sabon siginar maƙwabci ya shigo ya dagula maka hoto, ba ka da inda za ka kai ƙara, in kuma naka ne ya dagula nasa, kai za ka kashe. Ga ƙasa mai garuruwa jere a bakin iyaka, daga Gaya zuwa Ƙonni zuwa Ɗan Isa zuwa Magarya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Dalilin canjin kuwa shi ne iska ma fili ce, kuma tana da iyaka. A tsohon tsari, zango ɗaya tasha ɗaya yake ɗauka, kamar a ba jaki guda hanyar mota duka. A sabon tsari ana matse hoto a mayar da shi lissafi, zango ɗaya ya ɗauki tashoshi goma sha biyar ko ashirin. Filin da ya rage, musamman wajen 700 da 800 MHz, shi ake ba kamfanonin waya su yi intanet mai sauri. Wato 4G ɗin da wasunku ke karanta wannan rubutu da ita, da wannan magana uwarsu ɗaya. Kuma kowa ya san wannan fili ba kyauta ake ba kamfanoni ba. Tunda akwai kuɗi a ciki, muna ganin ba roƙo ba ne in talaka ya ce a rage masa tsadar dekoda daga cikin abin da aka samu. Balle ma duk mai kwantar NIGELEC ya daɗe yana biyan kason rediyo da talbijin na ƙasa a cikin faktir ɗinsa, ko ya lura ko bai lura ba.

Abu na biyu da sabon tsari ya kawo, wanda a ganinmu ya fi kyan hoto muhimmanci, shi ne raba aiki. Tasha ta shirya shirinta, wata hukuma guda ta ɗauki na kowa ta tura. A nan Nijar aikin AND ne, hukumar watsa shirye-shirye ta ƙasa. In abin ya tafi yadda aka tsara, ƙarfe ɗaya a Madawa ko Tasawa zai kawo tashoshin da a da sai a Yamai ake gani. Wannan shi ne maganin rashin adalcin da muka ambata. Amma akwai gefe na biyu. Tashoshi za su riƙa biyan kuɗin ɗauka, mai ƙaramin ƙarfi na iya kasawa. Kuma in duk muryoyi suna bi ta ƙofa ɗaya, wanda ke riƙe da makullin ƙofar ya samu iko babba. Mu ƴan jarida wannan ne muke sa wa ido.

Waɗanda suka riga mu sun sha wuya iri iri. Amurka da duk arzikinta sai da ta raba wa gidaje takardar rangwame ta dala 40, biyu ga kowane gida, kuma duk da haka ta ɗage ranar daga Fabrairu zuwa 12 ga Yuni 2009 don miliyoyin mutane ba su shirya ba. Tanzaniya ta kashe tsohon tsari a Darussalam daren 31 ga Disamba 2012, gidaje da yawa suka shiga sabuwar shekara da akwati babu hoto. A Kenya, cikin Fabrairu 2015, rigima tsakanin hukuma da manyan tashoshi masu zaman kansu ta sa Citizen da NTV da KTN suka ɓace kusan mako uku. Nijeriya ta tsallake wa'adi bayan wa'adi, ta fara da Jos a Afrilu 2016, tana bi jiha jiha. Burkina Faso, maƙwabciyarmu, ta kashe nata a farkon Nuwamba 2019. A duk wuraren nan na'ura ba ta cika ba da matsala ba. Gidaje ne ba a shirya ba.

Yanzu mu shiga tsakar gida, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ke kallo ta parabol ko Canal+, wannan canji bai taɓa farantinsa ba. Kada wani ya zo ya ce masa sai ya canza dekodar tauraro saboda TNT, ƙarya ce. Sai dai in yana son ya ƙara da tashoshin gida ta anteni, wannan zaɓinsa ne.

Wanda abin ya shafa kai tsaye shi ne mai tsohon akwati mai ƙusumbi da anteni a kan gora. Shi ba sabon tele yake bukata ba. Ƙaramar dekoda ce za ta shiga tsakanin anteni da akwati, ta ji sabon yare ta fassara wa tsoho. Wayar anteni ta shiga dekoda, daga dekoda kuma wayoyi uku, ja da fari da rawaya, su shiga bayan akwati. Sau ɗaya ake saye, babu kuɗin wata a kan tashoshin kyauta. Amma ga inda ake faɗawa rami: ƙasashen CEDEAO da UEMOA sun tsayar da tsari guda, DVB-T2 da MPEG-4. Ku rubuta wannan a takarda ku tafi da ita kasuwa. T2, da biyu a ƙarshe. In kwali ya ce DVB-S ko S2, ta parabol ce. In ya ce DVB-T kawai babu biyu, tsohon yayi ne, ba za ta kama komi ba.

Wannan ya kawo mu ga masu faffaɗan tele na bango, waɗanda ke ganin su sun tsira. Ba duka ba. Da yawa daga cikin na hannu da suka shigo ta Kwatano da Lome, Turai ce ta yar da su daidai lokacin da ta canza nata tsari. Faransa ta kashe analojik a ƙarshen Nuwamba 2011, ta sake canza tsarin matse hoto a Afrilu 2016, kuma duk canji sai ya tura tarin kaya zuwa tashoshin jiragen ruwan Afirka. Za ka ga an rubuta TNT ɓaro ɓaro a jikin akwati, kuma ba ƙarya aka yi ba, TNT ɗin Faransa ce ta wancan lokaci. A duba bayan akwati ko cikin menu a nemi T2. In babu, shi ma dekoda zai saya kamar mai ƙusumbi. Haka dekodojin da ake tsallakowa da su daga Nijeriya: akwai na kamfanoni irin GOtv da StarTimes da aka kulle ga kamfaninsu, sai da biyan wata, kuma sai inda ƙarfensu yake. Tarihin PAL da SECAM ne ya dawo da sabuwar riga. Araha ba ta ado. A sa mai shago ya haɗa ya gwada a gabanku, a karɓi takardar saye, a yi magana a kan mayarwa tun kafin kuɗi su bar hannu.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba a tallace-tallace, kuma shi ya fi damunmu. Tsohon tsari mai haƙuri ne. In kana nesa da ƙarfe, hoto zai zo da yayyafi, amma zai zo. Numerik ba shi da wannan hali. Ko ya zo tas, ko ya daskare ya farfashe kamar tayil, ko allo ya yi baƙi a rubuta maka babu sigina. Babu tsakiya. Saboda haka ƙauyen da ya shekara talatin yana kallon Télé Sahel cikin yayyafi yana iya sayen dekoda mai kyau ya tarar babu komi. Wani lokaci maganin a gida yake: a ƙara tsawon gora, a juya anteni ya fuskanci ƙarfe daidai, a canza tsohuwar wayar da rana ta cinye, ko a sayi antenin UHF mai gajerun haƙora, tunda manyan na da an yi su ne don wani zango. Wani lokaci kuwa babu abin da mai gida zai iya, sai hukuma ta ƙara ƙarfe ko a koma faranti. Waɗannan ƙauyuka ya kamata a ƙidaya su tun kafin a kashe, ba bayan sun yi shiru ba.

Sai kuran. Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna shan wutar da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa, kuma kowa ya san yadda take rawa lokacin zafi. Tsohon akwati na jure hawa da sauka, ƙaramar dekoda ba ta jurewa. Mai hali ya sa regilatar, marar hali ya zare waya in wuta ta ɗauke, kar ta dawo da ƙarfi ta tarar da ita. Na ƙauye masu batir da pano su nemi mai aiki da bolt 12, akwai su.

Mu dawo kan radiyo-kulob. A 1962 an gane cewa ba ya isa a tura magana ta iska, sai an samu mai zama da mutane ya warware musu. Yau sanarwar TNT da yawa da Faransanci take fita, cike da kalmomin da ko mu da muka yi lise sai mun sake karantawa. Alhali wa ke gaban akwati da rana? Mata ne da tsofaffi da yara. Maigida ya fita kasuwa, shi zai sayo dekoda, amma uwargida ce za ta zauna da telekomand biyu a hannu, ɗaya na akwati ɗaya na dekoda, allo ya yi shuɗi don wani yaro ya taɓa maɓallin AV, a yini ana cewa sabon abin ya lalace. Bayani ya kamata ya bi ta inda mata suke: rediyon gari, tarukan asusu, wajen awon ciki da rigakafi, gidan biki. Su kuma masu gyaran tele na bakin kasuwa, waɗanda suka fitar da mu daga rikicin SECAM ba tare da wani ya horar da su ba, a tara su kwana biyu a kowace jiha a nuna musu. Su ne za a kira in hoto ya ɗauke a Mirya ko Gidan Rumji, ba injiniyan Yamai ba.

Ku da ke da waya a hannu kuna karanta wannan, a kowane gida ku ne za a tura. Yau da dare ku leƙa bayan akwatin gidanku da na kaka da na maƙwabciyar da mijinta ke ci-rani, ku ga ko akwai T2, ku ga ko akwai ramukan nan uku masu launi. Wanda ya riga ya haɗa dekoda, ya rubuto mana sunan garinsu ko unguwarsu, da tashoshi nawa ya kama, da inda antenin ya fuskanta. Wanda ya haɗa bai samu komi ba, shi ma ya faɗa, shi muka fi son ji. Za mu tattara mu karanta a shirinmu gari bayan gari, mu kuma miƙa wa waɗanda ke da alhakin ƙarafan.